Zaurukan WhatsApp: Inda makaranta ke yanke wa littafi hukunci tun bai kammala ba

A shekarun 1990, yarinyar da ta karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ta sha kukanta kan Sumayya da Muhammad, iyakarta ta ba ƙawarta labari a makaranta, ko ta zauna ta rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke bayan littafi. Kafin wasiƙar ta isa, labari ya riga ya ƙare, an buga, an kai kasuwa. Ra'ayinta ba zai sauya ko harafi ɗaya ba.

Yau kam lamarin ya juya. Marubuciya za ta buga shafi guda a wayarta da daddare, ta tura zauren WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kafin asuba sharhi ya cika mata waya. Wata ta yi wa jarumin Allah ya isa, wata ta rantse in aka bari ya auri ƙanwar matarsa ta daina karatu, wata kuwa addu'a take zubawa kamar 'yar uwarta ce aka yi wa saki uku. In labarin na kishi ne, to nan take zaure zai rabe biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, a yi ta musayar magana har sai mai kula da zaure ta rufe shi kowa ya huce.

Kada mai karatu ya ɗauka surutu ne kawai. Sharhin nan shi ne ladan farko da marubuciya ke karɓa, har ma akan ji wasu na kashedin cewa in sharhi ya yi ƙaranci, babu shafin gobe. Kuma tunda ana rubutawa ne ana karantawa, bakin makaranta na shiga cikin labarin. Muguwar da aka yi niyyar kashewa da wuri, in ita ke tada ƙura a zaure, sai ka ga ta yi tsawon rai. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi 40 sai ya kai 100 saboda jama'a ba su ƙoshi ba. Nan ne fa matsalar take. Marubuciyar da ta san inda ta dosa takan saurara ta yi dariya ta ci gaba da abinta. Wadda ba ta sani ba kuwa, makaranta ne ke jan ta kamar raƙumi da akala, ƙarshe labarin ya zama ba kai ba gindi, su ɗin da suka ja ta su ne kuma za su fara cewa ta ɓata littafi.

Sai batun kuɗi. Tsarin da ya fi yawa shi ne a saki shafukan farko kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi a tsaya, a ce mai son ci gaba ta biya N300 ko N500 ko N1,000, a sa ta a zauren waɗanda suka biya. Makaranta na Nijar kan sami lambar da za su tura nasu da sefa. A da ɗan kasuwa ne ke faɗin darajar littafi, yanzu ƙawa ce da ta ce, "Wallahi ki biya, ba za ki yi nadama ba." Amma cikin waɗanda suka biya ɗin ne wata za ta kwafe littafin ta watsa a wasu zaurukan, wani ya karance shi a YouTube yana cin riba ba da izini ba. Shi ya sa kusan kowane shafi ke buɗewa da Allah ya isa. 'Yan fim da suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu satar kaset da faifan CD ba sa bukatar a yi masu bayanin wannan ciwo. Manhajojin sayar da littafi sun ɗan rage ɓarnar, sai dai su ma ba tabbas gare su ba: OkadaBooks, da marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a 2023.

Wani abin da ake yawan faɗa a kansa shi ne batsa. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, hukumar tace finafinai ta juyo kan marubuta. Littafin da ke cikin waya ba ya ƙonuwa, don haka tacewar ta fi komawa hannun makaranta. Akwai zaurukan da ke korar duk wadda ta turo irin wannan rubutu, akwai kuma inda shi ne ke ci kamar wutar daji, an rubuta a sama wai na matan aure ne kawai. Wa ke duba shekarun mai riƙe da wayar?

To ina ruwan ɗan kallo da duk wannan? Ai littafi ne ya raini fim ɗin Hausa. In Da So Da Ƙauna ya zama fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu wanda aka buga a 1990. Marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman daga littafi suka tsallako zuwa rubutun fim. A zaurukan yau kuwa, tun littafi na tsakiya makaranta sun gama raba rol: wannan attajirin mai ji da kai sai wane, wannan baiwar Allah mai haƙuri sai wance, har da hotuna ake turowa a yi ta gardama kan wa ya fi dacewa. Furodusan da ke neman labarin fim mai dogon zango, da zai leƙa ya zauna shiru na mako biyu, zai ga sin ɗin da ya sa mata kuka da wanda suka tsallake ba su karanta ba, ba tare da ya kashe ko sisi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi mai labarin ya biya ta haƙƙinta kafin ya kunna kyamara, domin makarantan nan sun haddace littafin shafi-shafi, kuma ranar da fim ya fito su ne za su fara gane inda aka ɗauko shi.