Daga Ɗakin Kiɗa Zuwa Bayan Kamara

A kusan kowane aji da muka koyar akwai yaro guda wanda ba ya barin benci ya huta. Malam na rubutu a allo, shi kuwa yatsunsa na kiɗa. Dā mukan ce ya daina, shi ke nan. Yanzu yaron yana da waya a aljihu, ran Asabar ya tara abokansa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, wai suna yin fim. Iyaye da yawa sun tambaye mu ko wannan hanya tana kai mutum wani wuri. Bari mu duba wanda ya bi ta.

Adam A. Zango, wanda aka haifa a 1985, da kiɗa ya fara. Bai shiga makarantar koyon fim ba. A ɗakunan ɗaukar waƙa ya ƙware da fiyano, sa'an nan ya shiga harkar fim ta Kano yana yi wa waƙoƙin fina-finai kiɗa. Daga nan ya zama ɗan wasa, daga baya ya kafa kamfaninsa, yana shirya fim yana ba da umarni. Basaja da Gwaska suna cikin ayyukan da aka fi saninsa da su.

Masu karatu za su ce, ina ruwan makaɗi da kamara? Lalle akwai dalili. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kafu a Kano da Turmin Danya a 1990, amma bayan fitowar Sangaya waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Sau da yawa akan yi waƙar tukuna, kana a nemo labarin da za a rataya mata. Saboda haka makaɗi yana zaune a inda ake yanke shawara. Yana ganin yadda ɗan wasa ke motsa baki a kan muryar wani, yana ganin mai tace hoto na yanka hoton daidai kan bugun ganga. Kwamfutar da yake haɗa sauti da ita, irinta ce ake haɗa hoto. Wanda ya yi shekara uku yana kallon wannan, yana riƙe wa wani fitila, yana tambaya, ya sami rabin ilimin. Sauran rabin, watau tsara labari da iya tafiyar da mutane ashirin masu jin yunwa a rana, sai da asara ake koyonsa.

Wannan irin koyo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, a yankin Shinkafi, ba da takarda ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa ba. Amma shi yana da fada guda da uban gida guda. Yaron yau kuwa kasuwa ce uban gidansa, ga kuma hukuma.

Zango ya ɗanɗana wannan. A 2007 kotu a Kano ta yanke masa ɗaurin wata uku saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda ya fita ba da iznin hukumar tace fina-finai ba. Mun ambaci wannan ne ba don mu tona masa asiri ba. Mai koya wa kansa yakan iya kamara sarai, amma ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa doka, ko ya nuna masa yadda ake rubuta yarjejeniya da mai ba da jari. A ganinmu nan ne ramin yake, ba a wajen fasaha ba.

Kasuwar ma ta sāke. Faifan CD ya mutu, satar fasaha da masu tura fim a waya sun gama da shi. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga 2020 kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka ja masu kallo zuwa YouTube. Ƙofa ta buɗe ga ƙaramin mai shiri, gama ba ya bukatar ɗan kasuwa ya sayi fim ɗinsa. Amma kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mutum, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda.

Ga yaron Zurmi ko Shinkafi akwai ƙarin nauyi. Fim yana son daji da gona da hanya, su ne kuwa wuraren da 'yan bindiga suka hana mutane. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara duka har makonni. Wanda abincinsa ke intanet ya zauna hannu rabbana.

Wata uwa ta zo mana da ɗanta mai shekara goma sha shida, wanda ke kaɗa fiyano a ƙungiyar mawaƙan matasa, ya ce zai bar makaranta ya tafi Kano. Ba mu ce masa fim banza ne ba, domin ba gaskiya ba ne. Mun ce ya rubuto mana labarin da yake so ya ɗauka, shafi biyar, da lissafin abin da zai ci: hayar kamara, man janareta, abincin 'yan wasa. Ya kawo shafi biyu bayan mako uku, lissafin kuwa bai haɗu ba. Ya koma aji. Yanzu yana kan shafi na huɗu.