Leshin Takarda da Na'urar da Ke Yanka Shi

Duk wanda ya taɓa karɓar katin ɗaurin aure irin wanda aka huhhuda bangonsa da siffar furanni da rassa, har ana hango rubutun ciki ta kafofinsa kamar yadda ake hango fuskar amarya ta cikin mayafi, to, haƙiƙa ya riƙe abin da za mu kira leshin takarda, domin kamanninsa na leshin da mata ke ɗinkawa ne, illa dai shi yanka shi ake yi, ba saƙawa ba.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. An tono yankakkiyar takarda ta ƙarni na 6 a yankin Xinjiang na ƙasar Sin, kuma a Daular Usmaniyya akwai fannin da suke kira kat'i, daga kalmar Larabci mai ma'anar yankewa, inda gwani zai fafe haruffa da 'yar wuƙa ya manna su a wata takarda don ƙawata littafi. Aiki ne na kwana da kwanaki, wanda kuskuren hannu ɗaya ke iya rushewa. A shekarar 2006 kuwa wani kamfani a jihar Utah ta Amurka, mai suna Provo Craft, ya fito da na'urar Cricut, wadda mutum zai ajiye bisa teburinsa a gida, bayanta kuma Silhouette Cameo ta biyo a 2011.

Yadda irin wannan na'ura take aiki kuwa abin lura ne. Ana manna takardar a kan wata shimfiɗar roba mai danƙo, galibi inci 12 tsawo da faɗi, sa'an nan wasu 'yan tayoyi su riƙa tura shimfiɗar gaba da baya, alhali kan da ke ɗauke da askar yana zirga-zirga dama da hagu, ta yadda haɗuwar motsin nan biyu za ta fitar da kowace irin lanƙwasa da aka zana a kwamfuta. Askar 'yar mitsitsiya ce, kuma a sake take cikin gidanta, tana juyawa duk inda aka ja ta, kamar tayar ƙafar kujerar ofis. Daga nan ne illarta ta taso, saboda kafin ta juya sai ta sami ɗan sarari, don haka idan kusurwa ta cika tsini, ko da'ira ta cika ƙanƙanta, sai ta yage takardar maimakon ta yanke ta.

A nan nake ganin mutane da yawa suna ruɗuwa, suna zaton wanda ya sayi na'ura ya sayi gwaninta. Asirin leshi yana ga abin da aka bari, kuma sharaɗinsa na farko shi ne kowane ganye da kowane fure ya kasance a haɗe da ɗan'uwansa ta wata 'yar gada ta takarda. Almajirin da ya san harafin mim zai fahimci mas'alar nan take: in ka zagaye idon harafin da wuƙa ba ka bar masa mariƙi ba, cikinsa zai faɗo, ya bar rami kawai. In gadar ta yi siriri ta tsinke, in ta yi kauri adon ya yi nauyi ya rasa armashi, kuma na'ura ba ta san wannan mizani ba, abin da aka zana mata shi take bi, ko daidai ko kuskure.

Zaɓen takarda ma da nasa ilmi. Masu sana'ar sun fi son mai matsakaicin kauri, wajen giram 176 a murabba'in mita, wadda launinta ya ratsa har ciki, don wadda cikinta fari ne takan nuna fari a bakin kowane yanka. Da damina takarda kan sha laima ta yi taushi, askar ta riƙa jan ta, da hunturu kuma ƙura kan kashe danƙon shimfiɗa, takarda ta zame ana tsakiyar aiki. Bayan an gama yanka akwai sauran aiki, na tsince ɗaruruwan gutsattsari da tsinke ko hantsaki, ɗaya bayan ɗaya, kuma a wurin cirewa sai a kifa shimfiɗar a ɓare ta daga jikin takardar a hankali, don kada leshin ya nannaɗe.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka yi niyyar shiga wannan sana'a, ka tanadi aska da shimfiɗa na canji tun ranar da ka sayi na'urar, kuma kafin ka ɗora takarda mai tsada, ka fara gwada ɗan yanki na zanen a kan guntuwar irinta.