Wayar Hannu Ta Zama Makunnin Komai, Amma Ƙofar Tana Tsukewa

A watan Agustan 2025 kamfanin Google ya sanar da cewa nan gaba duk manhajar da za a saka a wayar Android mai ɗauke da hatimin kamfanin, ko daga Play Store ta fito ko daga wani wuri, sai wanda ya ƙirƙire ta ya yi rajista ya bayyana kansa: sunan gaskiya, adireshi, lambar waya, wani lokaci har da katin shaida. An tsara fara aiki da dokar a watan Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027. Manyan kamfanonin manhaja ko a jikinsu, domin dama suna da rajista. Wanda abin zai fi taɓawa shi ne ɗalibin da ya haɗa 'yar na'urar kunna fitila da waya a ɗakinsa, ya rubuta mata manhaja ya tura wa abokansa. Kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi a wannan muhawara.

Ana yawan cewa arahar kayan lantarki ce ta sa sarrafa na'urori da waya ya bunƙasa haka. Akwai gaskiya a ciki. Allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005, ya sauƙaƙa wa wanda bai karanci injiniya ba rubuta umarni ga na'ura. Kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da ESP8266 a 2014, ɗan ƙanƙanin abu mai Wi-Fi da ake saya da 'yan daloli, sannan ESP32 a 2016 mai Wi-Fi da Bluetooth a haɗe. Ita kuma waya ta ɗauke wa mai ƙira nauyin sayen allon nuni da maɓallai da rimot, tun da duk suna aljihunsa.

Sai dai araha kaɗai ba ta isa ta bayyana abin ba. Babban dalili shi ne Android ta bar ƙofa a buɗe: kowa na iya haɗa fayil ɗin APK ya saka a wayarsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A duba yadda aikin ke gudana a teburin ɗalibi. Ya buɗe App Inventor a burauza, dandalin da Google ya fara a 2010 kafin jami'ar MIT ta karɓe shi. Ya jawo maɓalli biyu ya ajiye, ya jera tubalan umarni: in an danna na farko a aika da lamba 1, in an danna na biyu a aika da 0. Ya danna haɗawa, alamar QR ta fito, ya haska ta da wayarsa, manhaja ta sauka. A can gefe Arduino na sauraro ta ɗan allon Bluetooth mai suna HC-05. Lamba 1 na isowa sai ka ji makunni ya yi ƙas, ƙwan fitila ya kama. Daga tunani zuwa haske bai wuce yamma ɗaya ba, bai biya ko sisi ba, bai cike takardar kowa ba. Gobe abokinsa ya ce yana so, ya tura masa ta Xender ko WhatsApp.

Wanda ke shakkar cewa wannan buɗewar ce ginshiƙi, ya dubi iPhone. Kayan lantarkin duk ɗaya ne, farashinsu ɗaya, amma ba kasafai za ka ga aikin koyo an gina shi a kan iPhone ba. Manhajar Xcode da ake rubuta manhajojin Apple da ita sai a kwamfutar Mac take aiki. Rajistar masu ƙira dala 99 ce duk shekara. Wanda bai biya ba, zai iya saka manhajarsa a wayarsa, amma bayan kwana 7 ta daina buɗewa sai ya sabunta. Shi kuwa HC-05, mai arahar nan da kowa ke fara koyo da shi, iPhone ba ta yarda manhaja ta yi magana da shi, sai an nemi allo mai irin Bluetooth ɗin da ake kira BLE. Ashe inda aka sa shinge, sana'ar ba ta yi tsiro sosai ba.

Abin damuwar shi ne sanarwar Agusta ba ita ce ta farko ba. Tun a Nuwamban 2023 Google ya wajabta wa sababbin masu rajista na ƙashin kansu su nemo mutum 20 su gwada manhajarsu na tsawon kwana 14 a jere kafin a bari ta hau Play Store, daga baya aka rage zuwa 12. Android 14 ta daina karɓar manhajojin da aka gina don tsofaffin nau'o'in da suka girmi Android 6, kuma da yawa daga 'yan manhajojin Bluetooth da ke cikin tsofaffin darussa suna cikin wannan rukuni. Mai koyo zai bi darasi tiryan-tiryan, ya zo ƙarshe waya ta ce ba za ta saka ba, ya rasa inda ya yi kuskure alhali ba laifinsa ba ne.

Waɗanda suka guje wa rubuta manhaja suka dogara da ta wani kamfani su ma sun ɗanɗana. Blynk na cikin dandalin da masu wannan sha'awa suka fi amfani da shi wajen kunna na'ura daga nesa ta intanet. A ƙarshen 2022 kamfanin ya rufe tsohon tsarinsa, duk na'urar da ke jingine da shi ta daina amsa waya sai an sake rubuta mata umarni a kan sabon tsari, wanda na kyautarsa ke da iyaka. Injin ban ruwan da ke aiki lafiya jiya ya wayi gari kurma, ba don wata wayar lantarki ta tsinke ba. Sannan a Oktoban 2025 kamfanin Qualcomm ya sanar da sayen kamfanin Arduino ɗungurungum. Ya yi alkawarin barin sa a buɗe yadda yake, lokaci ne zai nuna.

A yi wa Google adalci, hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce bincikensa ya nuna manhajojin cuta da ake saukewa daga intanet kai tsaye sun ninka na Play Store fiye da sau 50, kuma duk wanda ya san yadda 'yan damfara ke tura wa mutane fayil su kwashe musu kuɗin banki ba zai yi gardama ba. Bayan surutu ya yi yawa, har da gargaɗin masu kula da rumbun manhajoji na F-Droid cewa dokar na iya kashe aikinsu, kamfanin ya ce zai tanadi rajista ta musamman ga ɗalibai da masu koyo mai iyakance yawan wayoyin da za a saka manhajar, zai kuma bar wata hanya ga ƙwararrun da suka yarda su ɗauki kasada. Saka manhaja ta kebul daga kwamfuta ma zai ci gaba. Duk wannan sauƙi ne, amma bai canja asalin maganar ba: abin da a da haƙƙi ne yanzu ya koma alfarma, kuma mai ba da alfarma na iya janye ta.

Tasirin ba zai zo daidai ga kowa ba. A Najeriya da Nijar akasarin wayoyin hannu Android ne, Tecno da Infinix da itel da Samsung, kuma kunna fitila ko fanka da waya ya daɗe da zama aikin kammala karatu da aka fi gani a sassan lantarki da kwamfuta na kwalejojin fasaha da jami'o'i. Dala 25 ta rajistar Play Store ba wani abu ba ce ga ɗalibin Amurka. Ga na Kano ko Maraɗi kuwa, ban da nauyin canji, akwai neman katin da zai biya kuɗin waje, abin da ya gagari masu katin naira da yawa tun da bankuna suka tsuke shi a 2022, kafin wasu su sassauta a 2025. Hanyar kebul kuma tana buƙatar kwamfuta, ita ko Android Studio da ake rubuta manhajojin Android da ita tana son ƙwaƙwalwa ta aƙalla gigabait 8, ba irin tsohuwar laftof ɗin da ɗalibai uku ke karɓa-karɓa ba. Kowane ƙaramin shinge yana tace wasu, kuma marasa ƙarfi yake fara tacewa.

Dole kuma a faɗi laifin gida. Sauƙin da wannan hanya ta kawo ya haifar da kwafe. Ɗalibi kan sauke manhajar wani, ya kwafi umarnin wani, ko ma ya sayi aikin a haɗe, ya je gaban malamai ya danna fitila ta kama a tafa masa, alhali bai san abin da wayar ke aika wa allon ba. Irin wannan ne zai fi shan wuya idan manhajar da ya dogara da ita ta daina sakuwa, domin ba shi da abin da zai gyara. Wanda ya fahimci cewa duk sirrin bai wuce aika lamba da karɓar ta ba, ko an rufe masa ƙofa ɗaya zai buɗe wata.

Kuma wata ƙofar tana nan tun tuni. ESP32 na iya buɗe nasa Wi-Fi, ya ɗauki ɗan shafi a cikinsa. Mai waya ya haɗu da shi, ya rubuta 192.168.4.1 a burauza, maɓallai su bayyana. Babu manhajar da za a saka, babu rajista, babu data, babu kamfanin da zai rufe rumbunsa, kuma yana aiki a Android da iPhone da kwamfuta baki ɗaya. Tsare-tsare irin su Tasmota da ESPHome da Home Assistant sun yi suna ne saboda suna barin sarrafawa a cikin gida. Burauzar Chrome a Android ma tana iya magana da na'urorin BLE kai tsaye daga shafi.

Saboda haka, wanda ke koyarwa a kwaleji ko cibiyar koyon sana'a bai kamata ya jira 2027 ba. A ci gaba da koyar da App Inventor, domin har yanzu ita ce mafi sauƙin mashiga. Amma a sa wa duk aikin da ɗalibi zai gabatar sharaɗi biyu: ya yi aiki ba tare da intanet ba, kuma a iya sarrafa shi ko da manhajar ta ƙi sakuwa. Na'urar da ba ta kunnuwa sai da amincewar wani kamfani a ƙetaren teku, ba a gama ƙera ta ba tukuna.