Kasuwar Littafi a Birnin Kano: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa

Sana'ar littafi a birnin Kano ta kasu gida biyu. Akwai ta Kasuwar Kurmi, inda littattafan addini ke jibge, na Larabci da na ajami. Akwai kuma ta ƙagaggun labaran boko, wadda ta cika shagunan Jakara da na Sabon Gari tun wajen ƙarshen shekarun 1980. An saba danganta tashin kasuwar da faɗuwarta ga hazaƙar marubuta ko lalacin masu karatu. Amma idan aka bi lissafi, abubuwa uku ne ke juya ta: yawan waɗanda suka iya karatu, farashin dala, da yawan hannayen da kwafi ɗaya ke ratsawa.

Izu 60, kwafi 1

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kurmi. Ƙarni bayan ƙarni, duk littafin da aka sayar a birni sai da wani ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe shi. Alƙur'ani izu 60 ne, mai rubutu kan kwashe watanni kafin ya gama kwafi guda. Takardar ma ta hamada fatake ke kawo ta, yawancinta a ƙarni na 19 ƙirar Italiya. Shi ya sa littafi ya zama dukiya, har ana rabonsa a gado.

Da injin bugu ya zo, mutanen Kurmi ba su yar da rubutun hannu ba. Sai aka riƙa ɗaukar hoton rubutun ƙwararru irin su Sharif Bala, a buga dubbai, a kan ruwayar Warshu da almajirai suka saba da ita. Aikin watanni ya koma na kwanaki. Wannan ɓangare ba ya neman sabon littafi kullum. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala su ne dai na jiya, ɗalibai ne ke sabuntuwa kowace shekara, don haka cinikinsa ya fi tsayawa daram.

5 a 1933, 3 a 1978

Labarin boko kuwa daga ofis ya faro. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, aka fitar da littattafai 5: *Ruwan Bagaja*, *Ganɗoki*, *Shaihu Umar*, *Jiki Magayi*, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano. Kamfanin buga littattafai na Gaskiya ya kafu a 1945, na NNPC kuma a 1966. A 1978 NNPC ta sa tata gasar, aka buga 3 a 1980, ciki har da *So Aljannar Duniya* na Hafsat Abdulwaheed.

Tsakanin gasannin biyu shekara 45 ne. An buga wasu littattafan a tsakani, amma babban mai sayensu hukuma ce, domin makarantu. Littafin da bai shiga manhaja ba da wuya ya mayar da kuɗinsa. Ƙanƙantar waɗannan alƙaluma ba ta nuna ƙarancin masu labari a baki ba, tana nuna cewa ƙofar bugu ɗaya ce, kuma tana Zariya.

Miliyan 6 zuwa miliyan 14

A Satumbar 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Kafin shirin, 'yan firamare a Nijeriya wajen miliyan 6 ne. Farkon shekarun 1980 sun haura miliyan 14. A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta ƙara da Hukumar Yaƙi da Jahilci a 1980, manya maza da mata suka shiga aji.

Sai a yi tarawa. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya tana da shekara 6 a 1976, a 1987 shekarunta 17. A shekarar ce Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Budurwar Zuciya*. A 1991 shekarunta 21, mai yiwuwa tana ɗakin miji, a shekarar ce kuma *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito. Ke nan masu karatun sun riga littattafan zuwa. Da yawansu sun iya Hausar boko fiye da Turanci, kuma babu mai rubuta musu labarin aure da kishiya da soyayya irin wanda suke gani a lungunansu.

Daga ƙasa da ₦1 zuwa ₦22

A 1985 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, a 1987 dala ta kai wajen ₦4, a 1993 kuma farashin hukuma ya kai wajen ₦22. Masana'antun takarda uku na ƙasar, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, ba su iya riƙe kasuwa ba, daga baya duk suka durƙushe. Takarda da tawada da kayan inji suka zama na shigowa, kowanne da dala.

Manyan kamfanoni suka janye zuwa littattafan makaranta, inda ciniki ke da tabbas. A daidai lokacin da masu karatu suka fi yawa, mai buga musu ya ɓace. Wannan giɓin marubutan Kano suka cike da aljihunsu: su rubuta, su kai ƙaramar maɗaba'a, su ɗauko su kai wa 'yan kasuwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka zama madadin kamfani, littafin wannan na tallata na wancan a shafukan baya.

1,000 ko 5,000

Ga misali na lissafi, ba farashin wata maɗaba'a ba. Rim ɗin takarda falle 500 ne. In falle ɗaya na ba da shafi 32, littafi mai shafi 64 zai ci falle 2, kwafi 1,000 kuma rim 4. A ce tsara rubutu da zanen bango da farantan da ake ɗora wa inji sun ci ₦100,000, kuɗin da ba ya canjawa ko kwafi nawa za a buga. A ce kuma takarda da bugun kowane kwafi ₦200 ne. Mai buga 1,000 kowane kwafi ya zo masa a ₦300. Mai buga 5,000, a ₦220.

Riba na wajen mai jari. Marubucin da ba shi da shi sai ya raba labarinsa kashi uku ko huɗu, ya buga na ɗaya a takardar jarida mai araha, ya tsayar da labarin daidai inda rai ke son ci gaba, cinikinsa ya biya bugun na biyu. 'Yan kasuwa kuwa bashi suke karɓa, sai an sayar a biya. Da tafiya ta yi nisa, wasunsu suka koma sayen rubutun kacokan suna bugawa da kansu, marubuci ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya ya sallama.

Kwafi 3 na doka

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi 3 a can. Yawancin littattafan kasuwar Kano ba su bi ta wannan hanya ba, da yawa babu lambar rajista, wasu ko shekarar bugu babu. Duk wata ƙididdigar hukuma a kan littafin Hausa, to, tana ƙasa da abin da ke kasuwa.

Ko adadin kwafin da aka sayar bai kai yawan masu karatu ba. Akwai shagunan haya, akwai aro tsakanin maƙwabta da 'yan makarantar kwana, akwai gidajen rediyo da ke karanta littafi sukutum. In kwafi ɗaya ya ratsa hannu goma, bugun 3,000 ya isa ga mutum 30,000, amma kuɗin 3,000 kaɗai ke komawa. Marubuci ya yi suna, aljihu bai shaida ba.

₦460 zuwa ₦1,500

Fim ya janye wasu marubutan tun bayan fitowar fim ɗin *Turmin Danya* a 1990. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 har aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a. Duk da haka dala ce ta fi yin ɓarna. A tsakiyar 2023 tana wajen ₦460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura ₦1,500. A misalinmu na sama, ₦200 ɗin nan ta takarda da bugu ita ke ninkuwa, ita ce kuma kaso mafi tsoka.

Masu karatu ba su ragu ba, waya suka koma. Marubuta, galibinsu mata, na sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a zaure. Rim ya fita daga lissafi, ɗan kasuwa ma haka. Abin da ya rage shi ne tsohuwar matsalar aro, ta kuma ƙaru, domin littafin takarda sai wani ya gama wani ke karɓa, na waya kuwa mutum ɗaya ya biya ya tura wa ɗari a dare guda. Wanda ya samo yadda za a karɓi kuɗi daga hannu na biyu da na goma, shi zai gaji wannan kasuwa.