Zagayen Ruwa a Jazira da Agogon Cikin Kwamfuta

Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman Jazira a Sudan ya rataya ne a kan ƙidayar kwanaki. Ruwan Shuɗin Nilu yakan bi manyan magudanai har ya faɗa ƙaramar hanyar da manoma ke kira Abu Ishirin, kuma a tsarin asali gonar auduga tana shan ruwa duk bayan kwana 14. Hausawan ƙauyukan da ke kewaye da Wad Madani sun san yadda ganye ke yaushi idan zagaye ya makara.

To daga ina ake fara ƙirga, daga ranar buɗe ruwa ko ranar da aka gama ban ruwa? Wannan tambayar ce ke kayar da masu rubuta manhaja idan suna son aiki ya riƙa maimaita kansa. A ce ana son na'ura ta auna tsayin ruwa a magudana duk minti 10. Ɗan koyo zai rubuta: auna, dakata minti 10, sake aunawa. Ya manta awon kansa yana cin lokaci. Idan daƙiƙa 2 yake ci, a yini guda an zame kusan minti 5, a wata kuwa an haura awa 2, ba tare da kowa ya ankara ba.

Gwani yakan ɗaura kowane zagaye a kan lokacin farawa na asali, yadda makarar yau ba za ta zama bashin gobe ba. Harshen rubuta manhaja na Java ya tanadi hanyoyin biyu, kowace da sunanta. Sai dai idan aiki ya daɗe har zagaye na gaba ya riske shi, dole a zaɓa: a tsallake, ko a rama a jere. A ganina, wajen awo tsallakewa ta fi, domin awo uku a minti ɗaya ba su faɗin komai game da rabin awar da ta wuce.

Wani tarkon kuma shi ne agogon bango. A ranar 1 ga Nuwamba 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, awa guda ta zo sau biyu. Manhajar da ke jiran agogo ya nuna wani lokaci a cikin wannan awa tana iya yin aikinta sau biyu. Saboda irin haka ne kwamfuta ke da wani agogon daban, wanda yake ƙirga gaba kawai, babu dokar gwamnati da ke taɓa shi, kuma da shi ake auna tazara.