Likitan Cikin Kwamfuta da Babu Wanda Ya Gaisa da Shi

Ƙulin-ƙulifita. Malami ne da ya haddace littafi, ba ya gajiya, ba ya mantuwa, an zaunar da shi shekara guda kusa da likita, amma ko mara lafiya ɗaya bai ga bambanci ba. Me ya same shi?

A arewa maso gabashin Ingila abin ya faru. Farfesa Martin Eccles na Jami'ar Newcastle da abokan aikinsa sun zaɓi ƙananan asibitoci 60, inda jama'a ke fara zuwa ganin likita. Rabi aka sa musu manhajar kula da ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jini bai wadaci zuciya ba. Sauran aka ba su ta ciwon asma, don kowane ɓangare ya zama ma'aunin ɗan'uwansa. Aikin manhajar ciwon ƙirjin shi ne tunasarwa: an auna hawan jini? An tambayi mutumin ko yana shan taba? An duba kitsen jini? An ba shi asfirin? A 2002 mujallar BMJ ta buga sakamakon. Babu wani canji na a zo a gani.

Zargina na farko kan shawarwarin ya faɗa. Ko gurguwar shawara ce? A'a. Daga tatattun binciken likitanci aka tsamo su. Na sallami wannan.

To, ko likitocin ne ba su iya kwamfuta ba? Nan ma na sha ƙasa, domin an zaɓi asibitocin ne saboda dama da kwamfuta suke rubuta magani. Saura wa?

Marasa lafiya! Wataƙila sun ƙi shan magani. Sai dai tun daga abin da likita ya rubuta a fayil ba a ga sauyi ba. Matsalar tana cikin ɗakin, kafin mutum ya fita.

Kun ba ni gari?

Ashe akwai shaida a ɓoye. Manhajar tana ƙirga duk lokacin da aka yi aiki da ita. Aka buɗe lissafin. Aka jera asibitocin daga mai ƙarancin amfani zuwa mai yawa. Aka duba na tsakiya. A mafi yawan lokacin binciken, sifili.

Malamin bai yi kuskure ba. Ba a tambaye shi ba ne.

Da aka zauna da likitocin, a hirar da aka buga a 2003, sai suka koka da abu uku: manhajar tana leƙowa a lokacin da bai dace ba, tana da wuyar sarrafawa, kuma abin da take faɗa bai cika taimaka musu ba. Mu kwatanta. Dattijo ya shigo yana ɗingishi, gwiwa ke damunsa. Likita ya buɗe fayil, sai allo ya cika da zancen zuciya. Mintuna kaɗan gare shi, ga layi a waje. Ya danna, ya rufe. Gobe ma haka, har hannunsa ya riƙa rufewa kafin ido ya karanta.

Abin da ke taɓa min rai shi ne hawan jini ba ya sallama, kuma tunasarwa ɗaya tana iya kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa duk mai gina irin wannan manhaja ya kamata ya fara da zama a ɗakin likita, ya ga lokacin da ake ɗaura abin awo a dantsen mara lafiya. A daidai wannan lokacin ne kunnen likita yake a buɗe.