Sikelin Ƙasa: Yadda Ake Zaɓensa, da Yadda Za Mu Gane Mai Gaskiya



A hutun da ya wuce, da yawa daga cikinmu mun tara gwangwani da tsofaffin ƙarafa mun kai wa masu saye don mu sami kuɗin littafin rubutu da biro. Da muka dawo makaranta, sai ga ƙorafi iri-iri. Wani ya ce buhunsa ya fi nauyin da aka faɗa masa. Wani ya ce ko lambar bai gani ba aka ce masa kilo uku ne. Shi ya sa mu 'yan kulob ɗin jarida muka je rumfar baban ɗaya daga cikinmu, mai sayen ƙarfe ne kuma yana shirin sayen sabon sikeli. Mun kuma tambayi malaminmu na kimiyya. Ga abin da muka koya.

Mene ne sikelin ƙasa?

Wani faffaɗan faranti ne na ƙarfe mai kauri da ake girkewa a ƙasa, faɗinsa kan kai mita ɗaya da 'yan kai ko mita ɗaya da rabi. A ƙarƙashin kusurwoyinsa huɗu akwai ƙananan na'urori masu jin nauyi. Idan aka ɗora kaya sukan ɗan lanƙwashe kaɗan, yadda ido ba zai gani ba, sai su aika saƙo ta waya zuwa allon da ke nuna lamba.

Mu a nan Riko wannan ya shafe mu, domin ƙaramar hukumarmu ta Jibia tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kuma manyan motoci na bi ta Magama da lodin wake da aya da sauran kaya. Hatsi dai ana iya auna shi da tiya ko mudu. Amma wa zai zuba tsohon injin markaɗe a tiya? Ƙarfe sai da kilo, haka ma babban lodi da ake son sanin nauyinsa kafin a loda wa mota.

Abubuwa biyar da ake dubawa kafin a saya

1. Iyakar nauyin da yake ɗauka. Akwai mai tan ɗaya, mai biyu, mai uku har mai biyar. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, wato buhun siminti 20, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Baba ya ce a sayi wanda ya ɗara kayan da aka saba ɗorawa, saboda 'yan dako kan jefa ƙarfe da ƙarfi, kuma jifa ta fi ajiyewa a hankali wahalar da na'urorin.

2. Tazarar da ke tsakanin lambobinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki. Babban sikeli yakan ƙirga da rabin kilo ko kilo guda, ba ya ganin abin da ke tsakani. A ce ka kawo jan ƙarfe kilo 2 da giram 400, aka ɗora a kan mai ƙirga kilo-kilo. Zai nuna 2 kawai, giram 400 sun bi iska. Da kilo 2 da giram 600 ne, sai ya nuna 3, mai saye ya yi asara. Ashe ko babu mai niyyar cuta, ana iya cutuwa. Don haka mai sana'ar kirki yakan ajiye sikeli biyu: babba don baƙin ƙarfe da lodi, ƙarami don jan ƙarfe da alminiyam masu tsada. Girman sikeli ba shi ne kyansa ba, dacewa da kaya ita ce magana.

3. Farantin da wurin ajiye shi. A zaɓi mai kauri mai ƙyazbi a sama don kada kaya su zame. Idan da baro ko kura ake kawo kaya, a nemi mai gangara a gefe. Sannan dole a girke shi a kan daɓen siminti da ya daidaita. A kan yashi irin namu, ƙafa ɗaya za ta nutse, awo ya karkace.

4. Wuta da yanayi. Kowa ya san halin wutar lantarki, don haka a nemi mai batirin caji, wanda ko da sola za a iya cika shi. A kare allon daga ruwan damina da ƙurar hunturu, a sa wayar cikin bututu saboda ɓeraye. Tsakuwa ɗaya idan ta maƙale a ƙarƙashin faranti, ta isa ta rage nauyi.

5. Mai gyara. Kafin a biya kuɗi a tambaya ko akwai mai gyaransa da kayan gyara a Katsina ko Kano. Araha ba ta ado idan zai lalace a bar shi kaji na hawa.

Yadda za mu gwada da kanmu

Da farko, ka tabbatar allon yana nuna sifiri kafin a ɗora kayanka, kuma yana inda kai ma kake gani. Na biyu, akwai maɓallin da aka rubuta Tare a kansa. Mun yi dariya, mun zaci “tare” ce ta Hausa. Ashe aikinsa cire nauyin buhu ko katakon da aka jera kaya a kai, don a biya kuɗin kaya zalla. A ɗora buhun ba komai a gabanka kafin a danna, kada a cire da ka.

Na uku, malaminmu ya tuna mana cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan ruwa lita 25 zai ba da kilo 25, ban da nauyin jarkar. Mun ɗora jarka a tsakiyar faranti, sannan a kowace kusurwa. Sikeli mai lafiya lamba ɗaya zai nuna a wurare biyar ɗin. Idan wata kusurwa ta bambanta, akwai matsala.

Akwai doka

A Najeriya akwai dokar awo da ma'auni, kuma akwai sashe a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya da ke da alhakin duba sikelin 'yan kasuwa. A Islamiyya ma mun karanta Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi gargaɗi ga masu tauye mudu. Amma gargaɗin har da mu masu sayarwa. Zuba yashi a cikin gwangwani ko cusa dutse a buhu ha'inci ne, haka ɗaukar ƙarfen da ba naka ba sata ce, ko da na tagar aji ne da ya ɓalle.

'Yan uwa, in za ku kai kaya ku tafi da biro da takarda, ku kalli allo, ku yi lissafi da kanku, ku tambaya cikin ladabi. Da muka gaya wa Baba haka, sai ya yi murmushi ya ce mai gaskiya ba ya tsoron a duba sikelinsa.

Tambayar wannan mako: buhun taki mai kilo 50 guda nawa sikeli mai tan uku zai ɗauka? A kawo amsa ga shugaban kulob kafin ranar Juma'a.

Daga 'yan kulob ɗin jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.